Kaboyi da mashayin jini a fim ɗaya: daga ina abin ya samo asali, kuma wanne ya kamata a kalla?

Wani ƙanena mai sha'awar harkar fim ya aiko da tambaya. Ya ce yana lalube a intanet sai ya ci karo da fastar wani tsohon fim mai suna Billy the Kid vs. Dracula, ga kaboyi riƙe da bindiga, ga mashayin jini cikin baƙar alkyabba. Yana son ya san ko da gaske an yi wannan fim ko wani ne ya haɗa hoton don raha. In kuma da gaske ne, me ya kai mutane ga gwama fim ɗin kaboyi da na ban tsoro, kuma a cikinsu akwai wanda ya cancanci mutum ya ɓata lokacinsa a kai?

Ƙanena, da gaske an yi shi. Ya fito a Amurka a 1966, kuma ba shi kaɗai ba ne, yana da 'yan'uwa da dama tun daga shekarun 1930 har zuwa farkon shekarun 1970, a Amurka da Meziko da Italiya. Na daɗe ina bibiyar waɗannan fina-finai, kuma abin da na fahimta shi ne: mutane na ɗora laifin rauninsu a kan ƙarancin kuɗi, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Fim ɗin kaboyi yana da doka, fim ɗin ban tsoro yana da tasa, kuma dokokin biyu ba sa ga maciji da juna. Wanda ya gane haka ya mai da rigimar tasu ta zama labarinsa, ya yi fim mai kyau da kuɗi kaɗan. Wanda bai gane ba, ya tauna taura biyu a baki.

Bari mu fara da kasuwa, domin ita ta haife su. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gidajen silima suka koma nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya don su jawo mutane. Na farko shi ne babba, mai manyan jarumai. Na biyu ɗan rakiya ne, ba ya wuce awa ɗaya da 'yan mintoci, kuma kuɗin hayarsa a yanke yake, ko silima ta cika ko ba ta cika ba. Ka ga ke nan ribar mai yin sa tana cikin tsimin da ya yi wajen ɗauka. Ƙananan kamfanoni irin su Monogram da PRC da Mascot da Republic da wannan sana'a suka rayu, suna gama fim cikin mako ɗaya ko biyu. Fim iri biyu ne suka fi yi musu araha. Na kaboyi, saboda rana kyauta ce, duwatsu da fili na nan a bayan garin Los Anjalas, dawaki da huluna kuma haya ake ɗauka. Sai na ban tsoro, saboda duhu yana rufa asirin talaka: in ka kashe fitilu, ba wanda zai ga cewa bangon ɗakin na katako ne. Kamfanin da ke yin waɗannan biyun a harabar guda, da ma'aikata guda, ba makawa wata rana kayan wannan su faɗa cikin wancan. Misali mafi bayyana shi ne Wild Horse Phantom na 1944, na kamfanin PRC, inda Buster Crabbe ya fito. Ƙaton jemagen da ya far wa abokin jarumin a cikin ramin haƙar ma'adinai, shi ne dai wanda kamfanin ya ƙera wa fim ɗin Bela Lugosi mai suna The Devil Bat a 1940. Yana ajiye a sito, aka karkaɗe masa ƙura ya koma bakin aiki.

Amma kada ka ɗauka kasuwa ce kaɗai. Ƙasar ita kanta tana da abin tsoro a jikinta. Yammacin Amurka cike yake da kufai: garuruwan da suka tashi dare ɗaya saboda an ga zinariya ko azurfa, suka mutu dare ɗaya da arzikin ya ƙare, aka bar gidaje da mashaya da maƙabarta iska na kaɗa ƙofofi. Bodie da ke Kalifoniya tana nan har yau haka. Ga ramukan haƙa masu duhu, ga tafiyar kwana da kwanaki ba ka ga mutum ba, ga labarin ayarin Donner da ƙanƙara ta rutsa da su a duwatsun Siyera Nebada a hunturun 1846 zuwa 1847, har yunwa ta kai wasunsu ga cin naman matattunsu. Marubuta sun riga masu fim ganin haka. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a cikin littafin Dracula na Bram Stoker da ya fito a 1897, ɗaya daga cikin masu farautar mashayin jinin mutumin Teksas ne, Quincey Morris, kuma wuƙarsa ce ta shiga zuciyar Dracula a ƙarshe. A 1932 kuma Robert E. Howard ya buga gajeren labari a mujallar Weird Tales a kan wani mashayin jini da aka binne a ƙarƙashin wani tudu a Teksas. Saboda haka haɗuwar kaboyi da Dracula tana da tushe, ba daga sama ta faɗo ba.

Fina-finan farko ba su yarda su shiga ruwan da ƙafa biyu ba. Ɗauki Haunted Gold na 1932, wanda John Wayne ya yi yana saurayi, tun kafin duniya ta san shi. Akwai kufai, akwai ramin zinariya da aka yi watsi da shi, akwai idanu masu leƙowa ta bango, akwai wani mai baƙar riga da ake kira fatalwa. A ƙarshe sai ka tarar mutum ne. Haka akasarinsu suke har shekarun 1940: fatalwar ba fatalwa ba ce, wani ne ke tsorata jama'a don ya kore su daga filin da ke da arziki a ƙasa. Dalilin a fili yake. Masu kallon waɗannan fina-finai yara ne da ke zuwa silima ranar Asabar da rana, kuma dole jarumi ya iya naushin abokin gabarsa ya miƙa shi ga hukuma. Fatalwa ta gaske ba ta nausuwa.

Abubuwa sun juya a shekarun 1950. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948 ya raba manyan kamfanoni da gidajen silimarsu, sai ƙananan furodusoshi suka sami ƙofa. Talabijin ta shiga gidaje ta ɗauke kaboyi, har ya zama a 1959 shirye-shiryen kaboyi sama da 20 ake nunawa da daddare a kowane mako. Wa zai biya kuɗi ya kalli abin da yake samu kyauta a falonsa? Waɗanda suka rage wa silima su ne matasa, musamman a filayen da ake kallo daga cikin mota, waɗanda suka haura 4,000 a 1958. A Oktoban 1957 aka sayar wa gidajen talabijin tsofaffin fina-finan ban tsoro 52 na kamfanin Universal a ƙunshi guda, sai yaran da ba a haife su ba lokacin da aka yi Dracula da Frankenstein na 1931 suka kamu da son su. Kamfanin Hammer na Ingila ya zo da nasa masu kala a 1957 da 1958, suka yi kasuwa sosai. Furodusan da ke da dawaki da garin kaboyi na katako a hannu, ga shi kuma dodanni ne ke ci a kasuwa, lissafinsa ba mai wuya ba ne. A wannan tsakanin aka yi The Beast of Hollow Mountain na 1956, inda wani ƙaton ƙadangaren zamanin da yake cinye shanun makiyaya a Meziko, sai dai ba ka ganin dabbar sai fim ya kusa ƙarewa. Aka yi Teenage Monster na 1958, wanda mutumin da ya fito a matsayin yaron da ya zama dodo, Gil Perkins, ya kai shekara hamsin a lokacin. Waɗannan biyu ba zan tsaya a kansu ba.

Yanzu ga gundarin maganar. Duk wanda ya taso yana kallon kaboyi a silima ya san yadda ake ƙarewa tun kafin a fara. Jarumi da bos za su tsaya a tsakiyar titi, rana tsaka, kowa hannunsa kusa da ƙugu, wanda ya riga zarowa shi ke da gari. Bindiga ce alƙali, kuma hukuncinta ba ɗaukaka ƙara. Duniyar kaboyi duniya ce da ake ganin komai: sararin sama a buɗe, maƙiyi yana tahowa tun daga nesa kana hango ƙurar dokinsa. Fim ɗin ban tsoro kuwa a kan kishiyar wannan aka gina shi. Abin da ke bin ka ba ka ganinsa, in ka gan shi harsashi ba ya kama shi, ƙarfinka da saurin hannunka ba su da amfani. Wanda ke tsira shi ne mai sani ko mai imani: tsohuwar da ta san maganin abin, ko likita, ko limamin coci. To in ka haɗa su, ɗaya daga cikin biyu zai faru. Ko dai bindiga ta yi aiki, tsoro ya mutu, dodo ya zama ɗan fashi mai mummunar fuska kawai. Ko kuma bindiga ta ƙi aiki, jarumin ya zama ɗan kallo a cikin fim ɗinsa.

Akwai kuma matsala ta biyu, wadda ta shafi kyamara kai tsaye, kuma kai da kake son sana'ar ya kamata ka riƙe ta. Ɗaukar dare a cikin ɗaki abu ne mai sauƙi. Ɗaukar dare a fili, da dawaki suna gudu, yana buƙatar janareta da manyan fitilu da ƙarin albashin ma'aikata, kuɗin da waɗannan mutane ba su da shi. Sai su ɗauka da rana, su rage hasken da ke shiga kyamara, su sa gilashi mai launi a bakinta, hoton ya yi duhu kamar farin wata. A fim marar kala wannan dabara tana tafiya, domin jan gilashi yana mai da shuɗin sama baƙi. A fim mai kala kuwa da wuya ta ɓoyu: ga inuwar mutum a ƙarƙashin ƙafarsa, ga gajimare fari tas. Mashayin jini kuma, a al'adar Turawa, gawa ce da ta ƙi kwanciya, tana fita da dare ta sha jinin masu rai, ta koma akwatinta kafin asuba. Ba kamar maye ba ne a wurinmu, wanda rayayye ne yana yawo cikin mutane yana kama kurwa. Saboda haka da zarar mai kallo ya ga rana a jikin mashayin jini, an karya dokar labarin, tsoro ya tafi.

Fim ɗin da ya fuskanci waɗannan matsaloli biyu da gaske shi ne Curse of the Undead na 1959, na kamfanin Universal, wanda Edward Dein ya ba da umarni, shi da matarsa Mildred suka rubuta. Marar kala ne, bai cika minti tamanin ba. A wani ƙaramin gari 'yan mata suna ta ramewa suna mutuwa, likita ya rasa gane ciwon. A gefe guda kuma ga rigimar da kowane mai kallon kaboyi ya sani: wani mai garken shanu, azzalumi, ya tare ruwan rafi yana son ƙwace gonar maƙwabtansa. Likitan ya mutu, an kashe ɗansa, sai 'yarsa Dolores ta manna takarda a gari tana neman gwanin harbi na haya da zai rama mata. Wanda ya amsa kira wani baƙo ne mai baƙaƙen kaya, Drake Robey, wanda Michael Pate ɗan Ostareliya ya fito a matsayinsa.

Dubi hikimar da ke nan. A dokar kaboyi, in abokin karawarka ya riga ka harbi, kai kuma ka kashe shi, kare kai ka yi, hukuma ba ta da ta cewa. To wace sana'a ce ta fi dacewa da wanda harsashi ba ya kashewa? Robey yana barin mutum ya riga shi zarowa, ya harbe shi a ƙirji, sannan shi ya ɗaga tasa a natse. Wanda ya yi harbin yana mutuwa yana mamakin yadda aka yi ya kuskure, alhali bai kuskure ba. Marubutan ba su ɓoye rigimar dokokin biyu ba, ita suka mai da abin tsoron. Ranar da na fara ganin wannan fitowa na mai da ita baya na sake kallo, domin a nan na gane cewa haɗin yana iya yiwuwa.

Sun kuma ba shi asali daga ƙasar, ba su ɗauko shi daga Turai a jirgin ruwa ba. Sunansa na gaskiya Drago Robles, ɗan gidan Sifaniyawan da suka mallaki wannan gona tun da fari. Ya kashe ɗan'uwansa saboda kishi a kan mace, baƙin ciki ya sa ya kashe kansa, kuma a tsohuwar camfin wasu ƙasashen Kirista, wanda ya kashe kansa ba ya samun kwanciyar kabari. Ka ga ke nan shi tsohon mai ƙasa ne da ya dawo ya tarar da baƙi a gidan ubansa. Wannan ya ba shi nauyi, har wani lokaci kana jin tausayinsa. Batun rana kuma suka sassauta dokar da kansu tun da wuri: yana iya fita da rana, sai dai tana cutar da idanunsa. Jarumin fim ɗin ba gwanin harbi ba ne, mai wa'azi ne, Eric Fleming ya fito a matsayinsa, wanda a shekarar nan ya fara shirin talabijin na Rawhide tare da Clint Eastwood, kuma ruwa ya ci shi a ƙasar Peru a 1966 yana wurin ɗaukar wani fim. A ƙarshe an tsaya a titi kamar yadda aka saba, amma mai wa'azin ya ɗora wani ɗan ƙaramin gicciye a kan harsashinsa, wanda a cikin labarin aka ce an yi shi da ƙaya daga wurin da Kiristoci suka yi imani an gicciye Yesu. Bindiga ta yi aiki, amma ba da ƙarfinta ba. Dokokin biyu kowace ta sami haƙƙinta a harbi ɗaya. Fim ɗin yana da rauninsa, surutu ya yi yawa a tsakiya, amma ginin labarinsa daidai yake.

Sai wanda ka tambaya a kai. Billy the Kid vs. Dracula ya fito tare da abokin tafiyarsa, Jesse James Meets Frankenstein's Daughter, a tikiti ɗaya, kamfanin Embassy ya rarraba su. Billy the Kid da Jesse James mutane ne na gaske, 'yan bindigar Yammacin Amurka da aka kashe a 1881 da 1882, sunayensu kuma ba mallakar kowa ba ne, haka ma Dracula da Frankenstein. Sunaye huɗu da kowa ya sani, ba a biya ko sisi ba. Kowane fim an ɗauke shi cikin kwana takwas, akasari a Corriganville, wani filin ɗaukar fim a kwarin Simi wanda Ray Corrigan ya saya a 1937. Shi kansa Corrigan tarihin wannan haɗi ne a jikin mutum ɗaya: jarumin kaboyi ne a kamfanin Republic, kuma shi ne ke sa rigar goggon biri yana fitowa a fina-finan ban tsoro.

Daraktan fina-finan biyu William Beaudine ne, yana da shekara 73 a lokacin, kuma su ne fina-finansa na silima na ƙarshe. Ina jin zafin yadda ake ambatonsa da raini. Mutumin nan ya fara aiki tun 1909 a kamfanin Biograph, ya yi wa babban darakta D. W. Griffith mataimaki, ya ba fitacciyar jaruma Mary Pickford umarni a Sparrows na 1926, fim ɗin marayu a cikin fadama mai kadoji wanda har yau yana tayar da tsigar jiki. Karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta cinye dukiyarsa, ya ƙare rayuwarsa yana yin aikin da ya samu, cikin sauri, ba ya wuce kasafi. Dracula kuma John Carradine ne, wanda ya fito a Stagecoach na 1939, ɗaya daga cikin manyan fina-finan kaboyi na duniya, ya kuma yi Dracula sau biyu a Universal a 1944 da 1945. Babu wanda ya fi shi cancantar tsayawa a mahaɗar hanyoyin nan biyu. A ɗaya fim ɗin kuma, na'urorin lantarkin da ke ɗakin gwajin jikar Frankenstein, masanin da a labari ya haɗa dodo daga sassan gawarwaki, na Kenneth Strickfaden ne, mutumin da ya ƙera na fim ɗin Frankenstein na 1931.

Da waɗannan mutane a hannu, me ya hana abin yin kyau? Labarin bai tambayi kansa komai ba. Billy ya tuba yana kula da gonar budurwarsa, Dracula ya zo a keken doki ya yi shigar kawunta. Wasu baƙi mata da miji daga Turai su suka gane shi, wata tsohuwar likita ta buɗe littafi ta karanta maganinsa. Duk wannan daidai ne. Amma fim ɗin mai kala ne, daren nasa rana ce ƙiri-ƙiri, jemagen na roba ne, in Dracula zai yi tsafi sai a haska masa jar fitila a fuska. A ƙarshe, a cikin ramin azurfa, Billy ya zazzage masa harsasai ba su yi komai ba, sai ya jefe shi da bindigar a fuska, ya faɗi sumamme, aka soke shi da wuƙar likita. Harsashi bai kama shi ba amma jifa ta kama shi. Wannan ba talauci ba ne, domin gyara wannan shafi na labari ba ya cin dala ɗaya. An sayar da fasta ne, aka yi fim daga baya don a cika alkawari. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma fim ɗin 1959 ma ai mai araha ne.

Meziko ta fi Amurka sakin jiki da wannan haɗi, kuma ina ganin dalilin shi ne can mahayin doki da fatalwa tun asali a tatsuniya ɗaya suke zaune. Suna da labarin La Llorona, matar da 'ya'yanta suka mutu a ruwa take yawo da dare tana kuka. Fernando Méndez, wanda ya yi El vampiro a 1957, ya ɗauko wannan ya sa a El grito de la muerte na 1959, inda Gastón Santos, gwanin wasa da bijimi a kan doki, ya fito a matsayin kaboyi mai bincike. Akwai tsohon gida, akwai fadama, akwai wuƙar da aka soke a fuskar agogo don a tsare fatalwa. Ƙarshensa ya koma tsohon salo na mutane masu neman zinariya, amma kafin a kai can ya yi fitowa masu kama zuciya. Wani Ba'amurke, K. Gordon Murray, ya sayi irin waɗannan ya ɗora musu muryoyin Turanci, kamar yadda ake fassara fina-finan Indiya da Hausa, ya saka wa wannan suna The Living Coffin. In ka sami na asalin da Sifaniyanci mai rubutu a ƙasa, ya fi.

Italiyawa kuwa ta wata ƙofa suka shigo, kuma a ganina su suka fi kowa dacewa. Ba su kawo dodo garin kaboyi ba, sai suka mai da kaboyin kansa abin tsoro. A Django il bastardo na 1969, na Sergio Garrone, Anthony Steffen ya fito a matsayin sojan da hafsoshinsa uku suka ci amanar rundunarsu a yaƙin basasar Amurka. Yana shigowa gari ya kafa gicciyen kabari a tsakiyar titi, da sunan mutum da ranar mutuwarsa a rubuce, ranar kuwa ita ce yau. Yana ɓullowa ya ɓace ba a ga ta inda ya bi ba. Mutum ne ko fatalwa? Fim ɗin bai yanke ba, ko da yake ya nuna shi yana zubar da jini sau ɗaya. Kuɗin wannan tsoro katako biyu ne da ƙusa. Shekara huɗu bayan haka Clint Eastwood ya yi High Plains Drifter a kan tunani mai kama da wannan, da kuɗi masu yawa. Sai E Dio disse a Caino na 1970, na Antonio Margheriti, wanda da ma daraktan fina-finan ban tsoro ne. Klaus Kinski ya fito daga kurkuku bayan shekara goma a kan laifin da bai yi ba, ya iso garin wanda ya ci amanarsa daidai lokacin da guguwa ke tasowa. Kusan duk fim ɗin dare ɗaya ne: iska, ƙararrawar coci tana bugawa ba a ga mai bugawa ba, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ɗaki mai madubai. Babu aljani ko ɗaya a ciki, amma mutanen da ke cikin gidan nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake mutuwa a fim ɗin ban tsoro, kuma abin da ke farautarsu shi ne jarumin.

Akwai abin da ba zan rufe ido a kansa ba, kuma ina son ka shiga kallon da saninsa. 'Yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda aka ƙwace wa ƙasa, aka yi musu kisan kiyashi a wurare irin su Sand Creek a 1864 da Wounded Knee a 1890, su ne waɗannan fina-finai suka fi mayarwa abin tsoro ko abin tsafi. A Riders of the Whistling Skull na 1937 wata ɓoyayyar ƙabila ce mai yanka mutane. A fim ɗin Dracula na 1966, ya kashe wata yarinyarsu ne don danginta su far wa keken dokin, su zama makaminsa. Har Apache Drums na 1951, fim ɗin ƙarshe na Val Lewton, gwanin tsoratarwa da inuwa, wanda ya tsare mutanen gari a cikin coci da dare maharan suna dirowa ta manyan tagogi, ƙwarewarsa ba ta da shakka, amma mutane ya mai da dodanni. Haunted Gold kuma ya sa baƙar fata ɗan wasa, Blue Washington, a matsayin matsoracin da ake dariya da shi. Ganin wannan yana da ciwo, kuma ya kamata ya yi ciwo.

In za ka kalla, fara da Curse of the Undead, ka sa ido a kan yadda kowace fitowar harbi take aiki biyu. Bi shi da na Margheriti, da dare, ka rage hasken ɗaki, ka saurari abin da ya yi da ƙarar iska da ƙararrawa a wuraren da ba shi da kuɗin nuna komai. Sannan Django il bastardo, sannan na Méndez. Na Beaudine ka bar shi ƙarshe, minti saba'in da 'yan kai ne, ka kalle shi da biro da takarda: duk inda aka ce dare ne ka duba inuwar dawaki a ƙasa, ka kuma rubuta yadda kai za ka kashe Dracula a ramin azurfar nan ba tare da ka ƙara wa furodusa ko kwabo ba.